Neman inda ruwa ke yoyo a injin Rotax 912, cikin zafin Damagaram

Jirgin mai kujera biyu ne, injinsa Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100, kuma ƙorafin matuƙin bai da tsawo. Duk lokacin da ya sauka sai ya tarar ruwa ya ƙaru a gorar da ke karɓar ambaliya, washegari da safe kuma ruwan yana nan bai koma ba. Ya ce in ya kashe inji yana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi daga gaba. Agogon zafi dai bai taɓa kai jan layi ba. Cikin Afirilu ne, lokacin da zafi a filin jirgin Damagaram kan haura digiri 40 a inuwa, don haka abin da kowa ya fara faɗa shi ne bazara ce kawai, a ƙara ruwa a tashi. Ba mu ƙara ba. Ruwan da ke cikin wannan inji duka-duka bai wuce lita ɗaya da rabi ba a yawancin jirage, wanda ya rasa rabin lita kuwa ya rasa kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ya saba da mota sai ya ajiye wani abu a gefe kafin ya taɓa 912. Silinda huɗu ke gare shi, biyu dama biyu hagu, kuma iska ce ke sanyaya jikin silindar. Ruwa a kawuna kaɗai yake yawo, wato a kilas. Famfon ruwa yana bayan inji daga ƙasa, yana jawo ruwa daga radiyata ya tura shi ta ƙananan tiyo huɗu zuwa ƙarƙashin kowane kilas. Ruwan ya fito ta sama, ta wasu tiyo huɗu, ya haɗu a wani ƙaramin baƙin tanki da ke zaune a kan inji, daga nan ya gangara radiyata ta babban tiyo. Ƙananan milimita 17 ne faɗin cikinsu, manyan 25. A kan tankin nan murfin matsi yake, daga wuyansa kuma wani siririn tiyo ya tafi gora. Babu juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin silinda da kilas, irin na mota, ƙarfe ne ke zama kan ƙarfe, kuma babu wata hanyar ruwa tsakanin silinda da kilas. Makanikin da ya ji ruwa na raguwa ya ce juwan kilas ya ƙone, motar da ke kansa yake gyarawa. Kilas na iya tsagewa in ya sha mugun zafi, amma wannan shi ne na ƙarshe da ake zargi.

Mun bar injin ya kwana ya huce. Ba a buɗe murfin matsi da zafi, ruwan da ya haura digiri 100 yana jiran a sassauta masa ne ya tafasa a fuskar mutum. Da safe, kafin kowa ya kai hannu kusa da farfela, an tabbatar makunnan wuta biyu a kashe suke, an sa waigi a tayoyi. Sai muka cire kafo, wato murfin da ke rufe inji, na sama da na ƙasa, kuma ba mu goge komai ba tukuna. Ƙurar garin nan tana da amfani ɗaya: duk inda danshi ya taɓa sai ta manne ta yi duhu, antijel kuma, sinadarin da ake gauraya wa ruwan inji, in ya bushe yakan bar fari-farin ɓawo ko alamar launinsa. A cikin kafo na ƙasa, ɓangaren dama, mun ga zane-zanen da suka miƙe zuwa baya. Wannan ya nuna ɓangare, bai nuna wuri ba. Iskar farfela tana kwasar ɗigo ta kai shi nesa da inda ya fito, har ta hau da shi sama, shi ya sa ake bin alama zuwa gaba, zuwa inda ta fi ƙanƙanta, maimakon a tsaya inda ta fi yawa.

Tambayar da ke raba aikin gida biyu ita ce: yoyo injin yake yi, ko amai? Yoyo rami ne. Amai kuwa babu rami ko ɗaya, ruwa ne ke tafasa ko murfi ke saki da wuri, gora ta cika ta zubar. Da muka buɗe tankin, wanda ya kamata a tarar da shi cike har wuya in inji ya huce, sai ga ruwa ya sauka can ƙasa, ita kuwa gora ta wuce layinta na sama. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Matuƙi ya leƙa gora kafin tashi ya ga ruwa, hankalinsa ya kwanta, alhali inji na jin ƙishi. Gora ba ta ba da labarin abin da ke cikin inji sai in hanyar komawa tana aiki.

Murfin nan bawul biyu ke cikinsa. Babban, mai risor, yana buɗewa in matsi ya kai bar 1.2 (bar ma'aunin matsi ne), ya bar ruwan da ya kumbura ya tafi gora. Ƙaramin, na tsakiya, yana buɗewa ta ɗaya ɓangaren lokacin da inji ke hucewa, ruwa na tsukewa, sai ya zuƙo abin da ya tafi. Zuƙar ba ta da ƙarfi. In akwai ko da ƴar ƙofa a wani wuri, a tiyo ko a bakin koliye, wato ɗamarar da ke matse tiyo, ko a robar murfi, iska inji zai zuƙa maimakon ruwa, domin iska ta fi sauƙin ja. Kowane tashi sai a tura kaɗan waje, ba a dawo da shi ba. Saboda haka gora cike da tanki a sauke yana nufin ɗaya cikin uku: murfi ya gaji, siririn tiyon gora ya tsage ko ya toshe, ko akwai rami a wani wuri. Mun bi su a haka, daga mai arha zuwa mai wuya.

Siririn tiyon lafiyarsa lau, kuma bakinsa yana nutse a cikin ruwan gora yadda ake so. Tsayin gorar ma daidai yake, bai kamata ta yi ƙasa da tanki fiye da santimita 25 ba, in ba haka ba zuƙar ba za ta iya ɗago ruwan ba. Mun duba ƴar hudar iska da ke murfin gorar. A rumfunan nan zanzaro ba ya raina rami, yakan cika shi da laka cikin ƴan kwanaki, gora kuma in ta kasa numfashi tana iya kumbura har ta fashe. A buɗe take.

Murfin matsi ne ya fara nuna laifi. Lambar da ke kansa 1.2 ce, daidai, domin akwai tsofaffi na bar 0.9 da har yanzu ke yawo, kuma akwai na babura masu kama da shi sak da ba su kai ba. Amma robar ciki ta taurare, ta yi zobe inda take zama, ga ƙura ta daskare a ƙaramin bawul. A kan famfon gwaji ya saki kafin allura ta kai bar 1. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaurayen rabi antijel rabi ruwa yana tafasa wajen digiri 107 in babu matsi, ƙarƙashin murfi mai lafiya kuwa sai ya haura 125. Iyakar da kamfanin Rotax ya sa wa zafin ruwa 120 ce. Ke nan murfin da ya mutu zai bar ruwa ya tafasa tun agogo bai kusanci ja ba. Filin Damagaram kansa yana kusan mita 460 sama da teku, kuma duk yadda jirgi ya ƙara hawa iskar waje na ƙara sauƙi, ruwa na ƙara saurin tafasa. In ya fara tafasa a cikin kilas, tururi ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, wurin sai ya ƙara zafi, ya ƙara tururi. A sababbin kawuna, waɗanda na'urar auna zafi ke nutse a ruwan kai tsaye, in ruwa ya ja baya ya bar ta a tururi tana iya nuna lambar da ba gaskiya ba. Tsofaffin kawuna zafin ƙarfen suke aunawa, iyakarsu a ULS 135. Sai an san irin wanda ke jikin injin kafin a yarda da jan layin da ke kan agogo.

Da an tsaya nan, an sa sabon murfi an rufe kafo, da an yi rabin aiki. Murfi ba ya zana alama a ɓangaren dama na kafon ƙasa, sabon murfi kuma zai riƙe matsi fiye da tsohon, ya ƙara matsa wa duk wani rami da ke ɓoye. Don haka muka cika tankin, muka wanke injin da ruwa da ɗan sabulu ba tare da matsi ba, muna kare akwatunan wuta da kaburato, muka bar shi ya bushe sarai. Sannan famfon gwaji, irin na radiyatar mota, da bakin da ya dace da ƙaramin wuyan tankin. An hura zuwa bar 1.2 aka tsaya. Wuce haka ba ya ƙara nuna komai sai dai ya fasa radiyata. Dole inji ya zama a sanyi, domin mai ɗumi yana hucewa allura na sauka da kanta, mutum ya yi ta neman ramin da babu. Cikin minti goma allura ta sauka a hankali, kuma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Irin wannan yoyon ne ke cin lokaci. Mun barbaɗa hoda a bakin kowane tiyo, sama da ƙasa, da kewayen famfo, da gindin tanki, da kusurwoyin radiyata, aka sake hurawa. Hoda na canja launi da danshin da ido ba ya gani. Wasu na zuba rinin da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, yana aiki, amma sai an yi odarsa, hoda kuwa tana kowane shago. Da tocila da ƙaramin madubi aka bi su ɗaya-ɗaya.

Gindin tanki muka fara ɗagawa. Akwai wata roba da ke manne a ƙarƙashinsa don kada ya gogi jikin inji, in ta zame, girgiza na cin aluminiyom a hankali har ta huda shi, kuma ruwan na bin saman inji ya ɓace tsakanin silinda. Robar tana nan. Guiwoyin ƙarfe da ke shiga kilas, inda tiyo ke kamawa, su ma busassu ne. Radiyata ba ta jiƙe ba, sai dai ƙura da ƙwari sun toshe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fuskarta, abin da hunturu ya bari. Wannan ba yoyo ba ne, amma yana ɗaga zafi, zafi kuma na ɗaga matsi.

Famfon ruwa yana da wata ƴar huda a ƙasansa da aka yi da gangan. Sandar famfon tana da abin toshewa biyu, ɗaya na tare mai daga ɓangaren inji, ɗaya na tare ruwa, hudar kuma tana tsakaninsu. In mai ya fito ta nan, na mai ne ya lalace, in ruwa ne, na ruwa. Ana samun masu liƙe ta da gam don ɗigo ya daina. Wanda ya yi haka ya tura ruwan zuwa cikin mai ne. Ɗan tabo a bakin hudar ba ya nufin sai an kwance, musamman a injin da ya daɗe a ajiye. Ƙa'idar ita ce a goge wurin, a tada inji har zafinsa ya daidaita na minti biyar, a kashe, a zuba ido minti ɗaya: kada ɗigo ya faɗo. Canja na ruwan aiki ne babba, sai an cire kayan wuta na bayan inji kuma da kayan aiki na musamman, don haka ba a fara shi a kan zato. A namu hoda ta zauna fara a wurin. Mun kuma zaro sandar mai muka leƙa tankin mai. Man da ruwa ya shiga yakan koma kamar shayi da madara. Namu mai ne tsantsa.

Yaron da ke riƙe da madubi ne ya ce, "Maigida, duba nan ƙarƙashin ta uku." Silinda ta 3 ita ce ta baya a hannun dama in kana zaune a kujerar matuƙi. Tiyon da ke kawo mata ruwa daga famfo yana wucewa kusa da bututun salansa, kuma a bakinsa wani ya taɓa sa koliye mai bis, irin na mota, a madadin mai risor da injin ke zuwa da shi. Hoda ta yi duhu a gefen koliyen ta ɓangaren da ke kallon salansa. Da aka lanƙwasa tiyon kaɗan da yatsa sai ga ƙwayar ruwa ta fito.

Yadda abin ke faruwa a bayyane yake in an yanka tiyon an duba. Roba a ƙarƙashin koliye tana lotsawa da zafi da daɗewa. Mai risor yana bin ta, yana ci gaba da matsewa daidai ko'ina. Mai bis yana tsayawa inda aka bar shi, sai ya yi sako-sako, wani ya zo ya ƙara ɗaurewa, ramukan da ke jikin ɗamarar su ci robar. Ga zafin salansa yana gasa ta daga gefe ɗaya. A tashi, ruwan da ke fita yana sauka kan bututu mai zafi ya ƙone, shi ne warin da matuƙi ke ji, kuma shi ya sa ba a taɓa ganin tabo a daɓen rumfa ba. In inji na hucewa, ta nan iska ke shiga. Antijel a kan salansa mai zafi yana iya kamawa da wuta, wannan kaɗai ya isa hana jirgin tashi.

Ba tiyo ɗaya kaɗai muka canja ba. Kamfanin ya sa wa kayan roba na wannan inji shekara biyar, ko sun yi kyau a ido ko ba su yi ba, littafin injin kuma ya nuna lokacin ya kusa. A rana irin tamu ban ga dalilin jira ba. Matsalar ita ce kawowa. Babu mai sayar da waɗannan a Damagaram, daga Turai suke zuwa, su sauka Yamai, sannan su yi tafiyar kusan kilomita 900 a mota. Shi ya sa mai irin wannan jirgi ya kamata ya ajiye murfi ɗaya, tiyo na 17 da na 25, da koliye masu risor a kabad. Tiyon kasuwa na mota yana iya shiga, amma wanda faɗinsa ya ɗara da milimita ɗaya ba zai taɓa kamawa da kyau ba, mai laushi kuma yana iya tsukewa a ɓangaren da famfo ke zuƙa in inji na gudu sosai.

Zubar da ruwan ta ƙasan famfo ake yi. Bis na can ƙasa a murfin famfon yana da rondel ta jan ƙarfe, shi ake kwancewa bayan an buɗe murfin tanki, a kuma cire tiyon ƙasa na radiyata don abin da ya rage. A tara a bokiti a rufe. Antijel guba ne mai zaƙi, awaki da karnuka suna lasa, yara ma, ba a zubar da shi a ƙasa. Tsohon tiyo in ya manne, a tsaga shi da reza a tsaye a hankali maimakon a murɗa da ƙarfi, domin murɗawa na iya motsa guiwar da aka kafa da gam a kilas, a gyara yoyo ɗaya a haifi wani. An goge bakunan ƙarfe, an yanka sababbin tiyo daidai tsawon tsofaffi, an tura kowanne ya wuce tudun bakin, koliye kuma ya zauna bayan tudun, ba a kansa ba. Na kusa da salansa an sa musu rigar kare zafi, an ɗaure su yadda ba za su taɓa komai ba, ana tuna cewa inji na motsi a kan robobinsa lokacin tadawa da kashewa. Bis ɗin famfo ya koma da sabuwar rondel, an ɗaure shi Nm 10, ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan, da kile mai awo. Radiyata an wanke ta daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi.

Sai ruwan da za a zuba. Akan ce mene ne amfanin antijel a garin da ruwa ba ya daskarewa. Yana ɗaga zafin tafasa, yana hana aluminiyom ciwuwa, yana kuma sa abin toshewar famfo ya yi santsi. Amma yawansa ba ƙari ba ne, ruwa ya fi shi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, wanda ya zuba shi tsantsa zai ga agogo ya hau. Rabi da rabi, daga cikin waɗanda kamfanin ya amince da su, kuma ba a gauraya iri biyu don launinsu ya zo ɗaya, launi rini ne kawai. Akwai kuma nau'in da ba a sa masa ruwa sam, in shi ke cikin injin, ƙara masa ruwa ɓata shi ne, don haka a karanta littafi da takardar da ke manne kusa da tanki kafin a zuba komai. Rabin ruwan sai tataccen da aka turara. Na famfo da na rijiya suna barin ɓawo a cikin kilas da radiyata, na leda ma ba shi ba ne. Ruwan batir ake nema, amma a kula, a kasuwa ana kiran mai asid da wannan sunan. In babu tabbacin abin da ke cikin gorar, a saya a famasi, ko a ɗauki antijel da aka riga aka gauraya.

An zuba a hankali ta tanki, ana matsa manyan tiyo da hannu don iska ta fito, har ya tsaya a wuya. Gora an kai ta tsakanin layukanta biyu. Gwajin matsi na biyu, minti goma sha biyar, allura ba ta motsa ba. Sabon murfi shi ma an gwada shi kafin a ɗaura.

Tada inji a ƙasa da sassafe muka yi, hanci na fuskantar iska, kafo a rufe, domin ba tare da shi ba iska ba ta bin hanyar da aka tsara mata. Wajen juyi 2000 a minti, na tsawon minti biyu, sannan 2500 har mai ya kai digiri 50, sai gwajin wuta a 4000, sai ɗan lokaci a cikakken ƙarfi ana kallon agogo. A bazara ba a daɗewa a haka, jirgin da ke tsaye ba ya samun iskar da radiyata ke buƙata. Bayan kashewa an buɗe kafo nan take an bi bakunan tiyo da tocila, domin a mintunan farko zafi na ƙara taruwa a kilas tunda famfo ya tsaya, matsi na kai ƙololuwa. An kalli hudar famfo minti ɗaya. Ruwa ya hau a gora da ɗan yatsa, aka ja layi da alƙalami a wurin.

Da injin ya huce gaba ɗaya, ruwan gora ya sauka ƙasa da inda ya fara, tanki kuma ya ɗan ragu. Wannan iskar da ta rage ce ta fita, an cike duka biyun. Tunda agogo bai taɓa wuce iyaka ba kuma ba a rasa ruwan da zai bar kawuna a bushe ba, ba a buƙaci gwajin taurin kilas ba, wanda dole ne in inji ya wuce zafin da aka ƙayyade. An rubuta a littafin inji abin da aka canja, irin antijel da gaurayensa, da ranar da shekara biyar ta roba za ta fara ƙirguwa, mai lasisi ya sa hannu. Tashin farko an yi shi a kewayen fili, kuma an gaya wa matuƙin cewa a tashi biyar na gaba, kowace safiya kafin ya tada inji, ya buɗe murfin tanki ya ga ruwan da idonsa, sannan ya duba gora.